"Baba, Ka Gane?"

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da 'yan ikilisiya a Sundimina, a gaban ɗalibanmu masu koyon aikin jinya

  

Da aka ce in yi magana a kan yadda za a koya wa ɗaliban jinya su fahimtar da jama'a sha'anin lafiyarsu, sai da na yi jim. Ni makarantar tauhidi na yi, allura ma in za a yi mini sai na kau da kai. Amma da na sake tunani sai na ga, a cikin shekarun da na yi ina wannan aiki, da wuya wata ya wuce ban raka wani asibiti ba. A ƙauyukanmu fasto shi ne mai karanta kati, shi ne tafinta, wani lokaci ma shi ne mai babur. Saboda haka abin da zan faɗa muku a bencin jira na koye shi, inda majinyata suke zama.

Bari in fara da wani dattijo, manomi, wanda na raka wani asibiti shekarun baya. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi sunan asibitin ba. Ciwon kai ya dame shi da jiri. Wata nas, yarinya mai ladabi ƙwarai, ta ɗaura masa abin awo a hannu, ta duba, ta ce, "Baba, jininka ya hau." Aka rubuta masa maganin wata ɗaya. Ta ce ya riƙa sha kullum da safe, ya rage gishiri, ya dawo bayan wata. Sa'an nan ta ce, "Baba, ka gane?" Ya ce, "Na gane, 'yata, Allah ya yi miki albarka." Ina tsaye a wurin. Ni ma na ji, ni ma na ɗauka an gama.

Ya sha maganinsa har ya ƙare. Ciwon kai ya tafi, damina ta sauka, aiki ya taso, bai koma ba. Kafin a yi girbi ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Da na je duba shi, da kyar magana take fita, amma na fahimci abin da ya faru. Shi a ganinsa maganin kamar na zazzaɓi ne, ka shanye ka warke. Gishiri kuwa ya bari da gaske, sai dai uwargida ta ƙara dunƙule a miya don kada ta yi lami, ba wanda ya gaya mata dunƙulen nan yawancinsa gishiri ne. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda ya ɗauki kalmar "jini ya hau". Ya fahimta jini ne ya yi masa yawa a jiki, don haka da ya ƙara jin nauyin kai sai ya kira wanzami ya yi masa ƙaho, aka zubar da jini, hankalinsa ya kwanta.

Yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba ko ɗaya. Duk abin da ta faɗa daidai ne bisa ga littafi. Magana ɗaya ce ba ta fito ba: cewa hawan jini ba a warkewa daga gare shi kamar mura, riƙe shi ake yi, mutum zai ci gaba da shan magani ko yana jin garau, gama yawancin lokaci ciwon ba ya nuna alama. Tambayarta ta ƙarshe kuma ba ta da amfani a ƙasar nan. Ku dattawa ku gaya mini, wane dattijo ne yarinya sa'ar jikarsa, sanye da fararen kaya, mutane na layi a bayansa, za ta tambaye shi ko ya gane ya ce a'a? Wace amarya ce mai cikin fari, wadda ko sunan cikin ba ta iya ambata a gaban surukarta, za ta buɗe baki ta ce a maimaita mata? A wurinmu "na gane" gaisuwa ce. Ma'anarta na gode, na ji, kada in ɓata miki lokaci. Duk ɗalibin jinya da bai san wannan ba zai yi shekara talatin yana aiki yana zaton ana fahimtarsa.

Masana suna da suna ga wannan al'amari a Turance, wanda in mun juya shi za mu ce iya karatun lafiya, ko wayewar kai game da lafiya. Abin nufi shi ne mutum ya iya samun bayani a kan lafiyarsa, ya gane shi, ya auna shi, ya kuma yi aiki da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin ƙamus ɗinta na inganta lafiya a 1998, a taron da aka yi a Shanghai ta ƙasar Sin a 2016 kuma aka lasafta shi cikin ginshiƙai uku na inganta lafiyar jama'a. Kada wani ya ce matsalar mutanen ƙauye ce da ba su yi boko ba. A Amurka an auna manya a 2003, aka tarar kashi 12 cikin 100 ne kaɗai suka ƙware wajen gane bayanin lafiya. Wani nazari da aka buga a wata mujallar likitoci ta Ingila a wannan shekarar ya nuna majinyata suna manta tsakanin kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na abin da aka gaya musu nan take, abin da suka riƙe ɗin ma kusan rabinsa ba daidai suka riƙe ba. To, wannan a inda likita da majinyaci suke magana da harshe ɗaya ke nan.

Mu kuwa namu ya fi haka nauyi. 'Ya'yanmu da suke Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma a Birnin Kudu, da waɗanda suke wasu makarantun a Kano ko Bauci, da Turanci ake koya musu, da Turanci suke rubuta jarrabawar hukumar jinya ta ƙasa. Haka tsarin yake ko'ina a Nijeriya, akwai kuma dalilinsa. Amma ranar da aka tura su ɗakin majinyata, ko a asibitin tarayya na Birnin Kudu ko a ƙaramin asibitin ƙauye, wanda yake kwance Hausa yake ji. Wani ma Hausar tasa ta kasuwa ce, Fulatanci ne harshen gidansu, ko Warjanci. Wato ɗalibi yana ɗauke da ilimi a harshe ɗaya, zai sauke shi a wani harshe, gadar da ke tsakani kuwa sau da yawa shi kaɗai yake gina ta, a tsaye, cikin gaggawa. Na taɓa tambayar wata ɗiyarmu da ta ci jarrabawarta da kyau ta bayyana mini ciwon suga da Hausa zalla. Ta fara, kafin ta kai jimla ta uku ta zuba kalmomin Turanci huɗu, sai ta tsaya tana dariya. Na ce mata, 'yata, kakarki ba za ta yi dariya ba, za ta ce ta gane.

Dabarar farko da nake roƙo a koya wa kowane ɗalibi, a kuma sa shi ya yi ta har ta zama masa jiki, mai sauƙi ce, ba ta cin ko kwabo. A asibitocin Amurka an daɗe ana koyar da ita. Bayan ka yi bayani, sai ka sa majinyaci ya maimaita maka da bakinsa. Amma akwai yadda ake yi, gama in ka yi shi kamar malamin firamare yana tuhumar ɗalibi, ka ci mutuncin babba. Laifin za ki ɗora wa kanki. Ki ce, "Baba, ni yarinya ce, wani lokaci ina yin sauri. In ka koma gida Inna ta tambaye ka me aka ce a asibiti, me za ka gaya mata? Faɗa mini in ji ko na manta wani abu." Da an yi wa dattijon nan wannan tambaya, da ya ce, "An ce jini ya yi mini yawa, in sha magani wata ɗaya." Nan take da an kama kuskuren, cikin minti biyu. Idan abin na hannu ne, kamar haɗa ruwan gishiri da sukari ko auna maganin yaro, kada a tsaya ga baki, a miƙa wa uwa ta yi a gabanka. Gani ya kori ji.

Tare da wannan, a rage yawan magana. Mai ciwo a tsorace yake, tunaninsa yana kan kuɗin magani da motar komawa. Abu uku ya isa ya tafi da su: mene ne yake damuna, me zan yi, me zai faru in ban yi ba. Sauran a bari sai ya dawo.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan kalmomi, domin a nan ne na fi ganin ɓarna. Kalmar Hausa ta ciwo da kalmar littafi ba kullum suke hawa kan juna ba. Mutum ya ce yana da basir, zai yiwu abin da likita ya sani da basir ne, zai yiwu kuma ciwon ciki ne, ko taurin bayan gida, ko kasala, ko wani abin da kunya ta hana shi faɗa. Mace ta ce sanyi ke damunta, sai an bi a hankali kafin a san ko gaɓoɓi take nufi ko ciwon mara. Shawara a bakin mutanenmu tana da faɗi. Uwa ta ce ɗanta haƙori yake yi, alhali yaron gudawa yake yi kwana uku, idonsa ya faɗa, maɗigarsa ta loɓa. Ɗalibin da ya ji "haƙori" ya yi tsaki ya ce jahilci ne, ya rufe ƙofa. Wanda ya ce, "To, Mama, haƙorin nan yaya yake yi masa? Sau nawa ya yi bayan gida yau? Yana kama nono?" shi ne zai ceci yaron, uwar kuma za ta dawo wurinsa gobe. Ku tuna a 2008 wani maganin haƙori na ruwa mai suna My Pikin, wanda guba ta shiga cikinsa, ya kashe yara fiye da 80 a ƙasar nan. Iyayen nan ƙaunar 'ya'yansu ce ta kai su kemis.

Shawarata ga kowane ɗalibi a nan ita ce ya sayi ƙaramin littafi na rubutu. Duk hutun da ya zo gida ya zauna da tsofaffin mata da ungozomar gargajiya, ya rubuta sunan kowane ciwo yadda suke kiransa, da alamominsa a wurinsu, da abin da suke yi masa. Mai jin Warjanci ya rubuta da Warjanci, mai jin Fulatanci haka. Kafin ku gama makaranta kuna da abin da babu shi a laburare.

Sai maganar awo da lokaci. "Cokali ɗaya sau uku a rana." Wane cokali? A gida ɗaya akwai na shayi, akwai na cin shinkafa, akwai ludayin kunu. Wanda ake nufi mai ɗaukar mililita 5 ne, na cin abinci kuwa yana iya ninka shi biyu ko uku. In kwalbar ta zo da murfin awo, a nuna wa uwa layin da yatsa. In maganin gari ne da ake zuba wa ruwa, a nuna mata inda ruwan zai tsaya, a gaya mata tafasasshen ruwa ne da ya huce. Sau uku kuma yaushe da yaushe? Na ga wanda ya sha uku ɗin duka kafin azahar domin zai tafi kasuwa. Ba kowa ke da agogo ba, amma a ƙasar nan ba wanda ba ya jin kiran salla, mu da maƙwabtanmu duka. Ki ce da asuba, da azahar, da bayan lisha in za a kwanta, kowa ya san lokacin. Wanda ba ya karatu a zana masa a jikin leda: rana tana fitowa, rana a tsaka, wata. Tun da yake yawancin waɗanda za ku yi wa jinya Musulmi ne, ku san watan azumi, ku tambaya da ladabi ko mutum yana azumi, domin likita ya san yadda zai tsara masa, musamman mai ciwon suga. In ba ku tambaya ba, shi zai tsara wa kansa.

Haka ruwan gishiri da sukari. Mu da muka yi wayo a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, mun tuna yadda aka cika rediyo da koyar da shi. Yanzu ƙullin da aka riga aka haɗa ake bayarwa, yawanci na lita 1, tun 2004 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa wa yaro da ƙwayar zinc har kwana 10 zuwa 14. Amma mece ce lita a wurin matar da ke Kantoga? Ki ce mata ledar fiya wata biyu, irin mai rabin lita. Ki ce abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Ki ce ko gudawar ta tsaya a ci gaba da ƙwayar har kwanakin su cika. Maganin zazzaɓin cizon sauro na yanzu, wanda ya maye gurbin kulorakwin, sau shida ake shansa cikin kwana uku. Mutanenmu da yawa suna tsayawa a rana ta biyu da zarar jiki ya yi sanyi, su ajiye ragowar don wani yaron. Wanda ake rabawa gida-gida da damina don kare yara 'yan ƙasa da shekara biyar shi ma na kwana uku ne a kowane zagaye: na ranar farko a gaban ma'aikaci, na sauran kwana biyun a hannun uwa. Nasarar shirin nan gaba ɗaya tana rataye a kan ko uwar ta gane.

Akwai kuma tambayar da ba na jin ana yi sosai: wa ke yanke shawara a gidan? Kina iya koya wa mai ciki alamomin haɗari duka a wurin awo, zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, naƙudar da ta wuce awa 12. Ta haddace su sarai. Amma ranar da abin ya zo, tsakar dare, ba ita ce mai cewa a nemo mota ba. Mijinta ne, ko uwar mijin, ko wan miji in maigidan ya tafi cin rani. Tun 1994 masu bincike suka bayyana jinkiri uku da ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon a cikin gidajenmu yake. Waɗanda suka taɓa zuwa asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitocin nan ta MSF take aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008, sun ga abin da doguwar naƙuda take bari a jikin yarinya. Don haka a koya wa ɗalibi ya tambaya, "Wa ya rako ki? A kira shi ya ji." Ku kuma maza da kuke zaune a nan, raka matarka awo ba ya rage maka girma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin mota da lambar direba da wanda zai ba da jini, tun ciki yana wata bakwai ake shirya su.

Game da al'ada, 'ya'yana, ku yi hattara da bakinku. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun yi rubutu a kan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna talauci da ƙarancin wasu sinadarai a jiki su ma suna da hannu. Ko yaya dai, in kika ce wa tsohuwa wankan jego haukan banza ne, kin rasa ta, kin rasa mai jegon. Ki yaba mata kulawar da take yi, ki roƙi a rage kanwa a sassauta zafin ruwa, ki gaya mata in ta ga ƙafa tana kumbura ko numfashi yana yin sama-sama, kada a kwana. Wasu abubuwan kuwa, kamar cire belun jariri da yankan gishiri, babu sassauci a kansu, sai dai a faɗa da girmamawa.

Ji-ta-ji-ta kuma ta sami ƙafa tun da waya ta shigo. Wa ya manta daren nan na watan Agusta 2014, lokacin cutar Ebola, da aka yi ta buga waya ana cewa kowa ya tashi ya yi wanka da ruwan gishiri ya kuma sha? Mutane sun mutu, wasu sun kwanta asibiti. Ni kaina an tashe ni, kuma ba zan ɓoye muku ba, sai da na tsaya ina tunani da bokiti a gabana. Kafin wannan mun ga yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje, sai a watan Agusta 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Mashaƙo da ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022 yaran da ba a yi wa rigakafi ba ya fi kamawa. Amma kada ɗalibi ya raina mai tsoro. Mutanen Kano suna tuna gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara lokacin sanƙarau na 1996, tsoronsu yana da tushe. Wanda ya zo da shakka a saurare shi tukuna, a gaya masa gaskiya har da cewa allurar tana iya kawo ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. In kin ɓoye wannan, yaro ya yi zazzaɓi da dare, ba za ki sake ganin uwar ba. Ki lissafa mata ranakun a yatsunta: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, sa'an nan wata 15.

Dole in juyo kanmu, mu shugabannin ikilisiya, gama muna da namu laifin. Akwai masu hawa bagade su ce wanda aka yi wa addu'a ya zubar da maganinsa don ya nuna bangaskiya. Na binne mutum saboda irin wannan magana, mai tarin fuka ne, an sa masa wata shida ya tsaya a na biyu. Duk mai wa'azin da ya ce wa mai hawan jini, ko mai suga, ko mai shan maganin ƙanjamau ya daina sha, dattawa su kira shi su zauna da shi. Mu yi addu'a, mu kuma tuna wa mutum lokacin ƙwayarsa. Laifi na biyu na iyaye ne. Yarinya ta yi wata shida a makaranta, ta zo hutu, sai a ce likitarmu ta dawo, a kawo mata allura daga kemis a ce ta yi wa ƙaninta, har da ƙarin ruwa a ɗaka. Ta ƙi, a ce girman kai, don me ake biyan kuɗin makaranta. Kuna jefa ta cikin haɗari, kuna jefa yaron. Ɗalibi ba shi da izinin wannan. 'Ya'yana, koyon cewa "wannan ya fi ƙarfina, mu tafi asibiti" yana cikin karatunku.

To, me za mu iya yi mu da ba malaman makarantar jinya ba? Manhaja tana hannun hukuma da malamansu, suna kuma ƙoƙari. Abin da muke da shi wanda makaranta ba ta da shi da yawa shi ne tsofaffi masu lokaci, waɗanda ba sa jin Turanci, waɗanda kuma ba sa jin kunyar 'ya'yan da suka goya. Ga abin da nake kawowa gaban dattawa. Duk lokacin hutu, bayan an tashi sujada ranar Lahadi, a ba ɗalibi ɗaya minti goma. Ya ɗauki abu ɗaya tak, ko gudawar yara, ko hawan jini, ko alamomin haɗari ga mai ciki. Ya bayyana shi ba tare da kalmar Turanci ko ɗaya ba. Duk sa'ad da Turanci ya kuɓuce masa, iyaye mata su tafa, ya koma ya nemo kalmar. In ya gama, kada ya tambaye mu ko mun gane. Ya zaɓi tsohuwa ɗaya da dattijo ɗaya su maimaita, in sun kauce, shi ne zai sake bayani ta wata hanya. A ranar zumuntar mata kuma a yi wasan kwaikwayo, wata uwa ta zama majinyaciya mai gardama wadda ta zo da maganin mai lasifika na ranar kasuwa a jakarta, mu ga yadda ɗalibar za ta yi da ita ba tare da faɗa ba. Akwai ma'aikatan jinya da suka yi ritaya a cikinmu, ina roƙon ɗaya daga cikinsu ya riƙa zama a wurin, domin kada ɗalibi ya koyar da kuskure mu kuwa mu tafa masa. In maƙwabtanmu suna so su zo su ji, a shimfiɗa tabarma a waje ƙarƙashin bishiya inda kowa zai sake.

Mu ma da muke zuwa asibiti akwai namu rabon. Matambayi ba ya ɓata. In an ba ka magani, tambayi sunansa, da kwana nawa za ka sha, da abin da za ka yi in ya ƙare. Ka tafi da katinka da ledar tsofaffin magungunanka, har da na gargajiya da kake sha, kada ka ɓoye. In ba ka gane ba ka ce, "'Yata, ƙara faɗa mini." Ba za a kore ka ba.

Dattijon da na ba ku labarinsa ya rayu shekara uku bayan faɗuwarsa, yana jan ƙafa, jikarsa ce take ba shi ƙwayarsa kowace asuba. Ita ce ta fara ce mini tana so ta yi karatun jinya.

Na riga na yi magana da uwar zumunta da magatakardan ikilisiya. In dattawa sun amince, za mu fara a hutun nan mai zuwa, da hawan jini, tun da na ga masu furfura sun fi yawa a layin gaba. Ɗaliban da suke nan su tsaya bayan addu'ar rufewa su ba magatakarda sunayensu da lokacin hutunsu, a raba musu ranaku. Wanda yake da abin awon jini a gida ya taimaka ya zo da shi.